Subaru daga Kebek ko Hilux daga Duwala? Kat-kat ɗin dusar ƙanƙara da kat-kat ɗin karal

A watan Janairun da ya wuce, muna zaune a ƙofar gida a Garwa ta arewacin Kamaru, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi muna kukan hunturu, sai ɗan yayata da ke aiki a Kebek ta ƙasar Kanada ya turo mini bidiyo. Filin ajiye motoci ne da dare, ba kowa, ya yi fari fat da dusar ƙanƙara. Can sai ga wata shuɗiyar Subaru ta shigo, ta karkace, ta kama tafiya a kaikaice tana kewaya sandar fitila kamar akuya a turke, hancinta na kallon sandar, bayanta na feshin farin gari. Sai da ta yi zagaye uku sannan ta miƙe. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, kun ga aikin mota mai ja da ƙafa huɗu da giyar hannu? Irinta nake so in loda muku a jirgi, ku huta da kafewa da damina."

Na yi masa godiya na sa masa albarka, don ba a mayar da hannun kyauta baya, amma na ce ya dakata da biyan kuɗin jirgi tukuna. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da sitiyari tsakanin Ngaundare, Garwa, Marwa da Njamena, wani lokaci motar aiki, wani lokaci tawa. Na kafe a hanya har na gaji da ƙirgawa, kuma a wajen kafewar nan ne na gane cewa sunan kat-kat da muke jibga wa kowace mota mai ja da ƙafa huɗu ya haɗa dangi biyu da aikinsu ya sha bamban. Tambayar yaron nan ita ce tambayar duk wanda ya tsaya a wurin masu sayar da okaziyo, wato motocin da aka riga aka yi amfani da su, RAV4 a damansa, Hilux a hagunsa, kuɗin aljihunsa kuwa na guda ne.

Dangi na farko cikin sanyi aka haife shi. Subaru ta fitar da Leone mai ja da huɗu a 1972, bayan kamfanin wutar lantarki na yankin Tohoku a arewacin Japan ya nemi ƙaramar motar da ma'aikatansa za su riƙa shiga dusar ƙanƙara da ita. Audi ta fito da quattro a 1980, bayan injiniyoyinta sun lura a wajen gwajin hunturu a arewacin Turai cewa wata motar soja mai ƙaramin inji, Volkswagen Iltis, tana barin manyan motocinsu a baya. A 1981 Hannu Mikkola, mutumin Finland, ya ci tseren Suwidin da quattro, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Wani abin dariya, ita Iltis ɗin ce ta ci tseren Paris-Dakar na 1980 a cikin rairayin Sahara. Uwar ta san yashi, 'yar ce aka yi wa tarbiyyar kwalta.

A wannan dangin, in ban da na farko-farko, direba ba shi da sandar da zai ja. Ko dai ƙafafun huɗu kullum a ɗaure suke da inji, ko kuma kwamfuta ce ke ɗaura na baya in ta ji na gaba sun fara sulɓi. Subaru mai giyar hannu tana da difaransiyal a tsakiya mai raba ƙarfi rabi gaba rabi baya, da wani gwangwani cike da ruwan silikon mai kauri wanda ke ƙanƙamewa in gudun gaba ya saɓa da na baya. RAV4 ta farko, ta 1994, da mai bi mata ta 2000, waɗanda aka ƙera da kat-kat a cikinsu kullum huɗu suke ja. Daga ta uku, wadda ta bazu wajen 2006, gaba ce uwargida, baya sai an neme ta. Akwai maɓallin kullewa, amma da ka wuce kilomita 40 a awa yake sakin kansa. Tiguan da Golf na Volkswagen masu tambarin 4Motion su ma kusan haka suke. Kuma ba kowace RAV4 ce kat-kat ba, an ƙera masu jan gaba kaɗai da yawa. Kafin ciniki ka durƙusa ka leƙa, in ba ka ga furofela ta tafi baya ba, jiki kawai ka gani.

Dangi na biyu shi muka fi sani: Hilux, Land Cruiser samfurin 70 da ake ƙerawa tun 1984, tsohuwar Nissan Patrol, Mitsubishi L200. Suna da ƙaramar sanda kusa da giya, ko maɓallin murɗawa a sababbi, mai 2H da 4H da 4L, abin da direbobinmu ke ce wa sa karabo. A 2H baya kaɗai ke turawa. A 4H gaba da baya sun zama abu guda, babu difaransiyal a tsakaninsu. A 4L an ƙara wata giyar ƙarfi, wadda a Hilux take ninka ƙarfin juya taya kusan sau biyu da rabi, motar ta riƙa rarrafe kamar kunkuru amma ba abin da ke tare ta. Chadi ba ta buƙatar a yi mata tallar wannan dangin. A 1987 sojojinta ƙarƙashin Hassan Djamous da irin waɗannan pikop ɗin suka kori tankokin Libiya daga Fada a watan Janairu, da Wadi Dum a watan Maris, har duniya ta sa wa yaƙin sunan Toyota.

Kullewar nan kuwa tana da sharaɗi. A kwana ƙafafun gaba sun fi na baya doguwar tafiya, to in an ƙulle su tare a kan busasshiyar kwalta, babu inda bambancin zai fita sai a jikin ƙarfe. Na taɓa fitowa daga hanyar ƙauye na hau kwalta wajen Figil, na manta motar na 4H. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na kuka a kowace kwana, da na tuna na kama sandar ta ƙi motsi, sai da na yi ribas 'yan mitoci ta saki da ƙara kamar an buga guduma. Subaru ba ta san wannan damuwar ba. Ka hau kwalta, ka sauka burji, ka koma kwalta, ba ruwanta.

To me ya sa mota ta yi rawa a Kebek ta zo nan ta zauna? Matsalar dusar ƙanƙara santsi ce. Hanyar da ke ƙarƙashi lafiyayya ce, motocin hukuma sun bi sun ture tulin gefe sun watsa gishiri, abin da ya rage shi ne taya ba ta samun abin kamawa. In riƙon taya a busasshiyar kwalta ya kai wajen 0.8, a dusar da aka tattake bai wuce 0.2 zuwa 0.3 ba, a zallar ƙanƙara kuwa wajen 0.1 ne. A aikace, motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana tsayawa cikin mita 12 ko 13 a kwalta daga lokacin da birki ya kama, a dusa tana iya cin mita 50, a ƙanƙara kusan 100. A irin wannan wuri raba ƙarfin inji gida huɗu babban abu ne, don kowace taya ana roƙonta rabin abin da za a roƙe ta a mota mai ja da biyu. Sai dai a wajen tashi da hawa ne kawai. A wajen tsayawa duk motoci birki huɗu gare su, Corolla da Subaru ɗaya suke, kuma shi kansa ɗan yayata ya ce ramukan gefen hanya a can ba sa rasa manyan kat-kat da safiyar ranar da dusa ta kwana zuba.

Mu kuwa tamu matsalar yawanci nutsewa ce, kuma ƙasarmu iri uku ce.

Akwai burji, jar hanya, musamman bayan ruwan farko na watan Mayu ko Yuni, lokacin da saman ya zama kamar an shafa sabulu amma ƙasan na da tauri. Wannan ita ce ƙanwar dusar ƙanƙara, kuma a nan gaskiya dangin farko ne sarki. Subaru Forester ko tsohuwar RAV4 a irin wannan hanya tafiya suke kamar a kan layin dogo, nauyinsu a ƙasa yake, kuma kowace ƙafa da nata sifirin, gargada ba ta sa su tsalle-tsalle. Hilux marar kaya a 2H kuwa abin tsoro ce: bayanta sakayau, sifirin ɗinta na ɗaukar buhuna ne, da ka taka mai a kwana ko ka shiga gargada da gudu sai ka ji gindin ya fara neman wuce kai. Maganinta a sa 4H tun daga bakin burjin, a jefa buhu uku ko huɗu a baya. Direbobi da yawa ba sa yi, wai tattalin gazuwal, wato dizal, sai sun ga motar ta juyo tana kallon inda suka fito.

Akwai yashi, na mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, da kuma wanda ke jiran duk mai wuce Masaget ya nufi Musoro da Faya. A nan ne na yi karatun da ya fi tsada. Wata shekara cikin watan Maris na ari ƙaramar kat-kat mai giyar hannu, marar 4L, zan kai gaisuwar rasuwa wani ƙauye bayan Gidar. Mayon bai fi faɗin filin ƙwallo ba, sawun amalanke ne kawai a ciki. Na shiga a giya ta biyu, tsakiya inji ya fara nishi, na taka kuloci zan koma ta ɗaya, kafin in saki motar ta tsaya cak, don yashi birki ne da kansa. Daga nan na shiga abin da bai kamata ba: totur sama, kuloci rabi, ina lallashinta ta motsa. Minti biyar ba a yi ba wani ƙauri ya cika motar, kamar ana babbakar kan rago, hayaƙi siriri na fitowa ta ƙarƙashi. Wani dattijo da ke haƙar ruwa a gefen mayon ya taso ya ce, "Alhaji, kashe ta haka nan, za ka dafa ta." Ya tsinko tsinke ya durƙusa ya danna bakin bawul, muka riƙa jin iska na fita har tayoyin suka yi tumbi. Yara suka kwashe yashin gaban ƙafafun da hannu, aka shimfiɗa tsohon zana, motar ta fita kamar ba ita ba. Kulocin dai bai kai damina ba, ni na biya.

Darasi biyu ke ciki. Iskar taya ta fi tambarin mota muhimmanci a yashi: daga bar biyu da ɗoriya, abin da masu faci ke kira kilo, a sauke zuwa wajen 1.2 ko 1.5, tafin tayar ya yi tsawo ta hau saman yashi maimakon ta haƙa. Sai a guji kwana mai kaifi kada taya ta fita daga rim, a kuma tanadi famfo don mayar da iska kafin kwalta. Na biyu, 4L ce ke ceton kuloci. Da ita kana sakin ƙafarka gaba ɗaya motar na tafiya a hankali da ƙarfinta. Wasu Forester masu giyar hannu da aka sayar a Turai suna da 'yar sandar ƙarin ƙarfi, amma ninkinta bai kai ɗaya da rabi ba. Taimako ne, bai kai karabo ba.

Sai karal, baƙar ƙasar da ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a cikinta, wadda ta shimfiɗu daga Diyamare har fadamun Logon. Da rani ta tsage, tsagar har ƙafar yaro na shiga. Da ruwa ya taɓa ta sai ta zama danƙo. Tana cike zanen taya har tayar ta koma sumul kamar gindin tulu, tana taruwa a kaskon ƙafa har ƙafar ta kasa juyawa. Abin da ya fi kashe ƙananan motoci shi ne sawun manyan motocin da suka riga ka wucewa: ramuka biyu masu zurfi da tudu a tsakiya. Ka sa ƙafafu a ramukan, cikin motar ya hau tudun, ƙafafu huɗu su riƙa lilo a banza. A takarda tsayin ƙasan Forester, santimita 20 zuwa 22, bai yi nisa da na Land Cruiser pikop mai wajen 23 ba. Bambancin shi ne abin da ke taɓa ƙasa. A Land Cruiser ƙullin aksul ne na ƙarfe mai kauri, ya yi noma ya wuce. A ƙaramar mota kaskon man inji ne da salansa da robobi. Subaru WRX irin ta bidiyon kuwa, mai santimita 13 zuwa 15, ko kwatar unguwa sai ta yi mata sallama. Ga kuma shasi: Hilux tana da inda za a ɗaura igiya tarakta ya fizge ta, ƙaramar mota in an fizge ta da ƙarfi wani lokaci gabanta ne ke biyo igiyar. Duk da haka kada wani ya ce maka akwai motar da ta fi ƙarfin karal a watan Agusta. Shingen da ake sa wa hanyoyin ƙasa bayan ruwa yana da dalili. Wanda ya jira rana ta yi awa uku a kan hanyar sau da yawa yana riga wanda ya kutsa isa gida.

Batun giyar hannu da otomatik ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya, kuma ni mai son giyar hannu ne, don haka a rage wani abu daga maganata. A dusar ƙanƙara amfaninta a fili yake: ana tashi a giya ta biyu don kada taya ta yi sulɓi, ana rage gudu da inji maimakon birki. Wannan dabarar tana aiki daidai a jar hanya mai santsi. A gangaren dutsen da ake kira falez tsakanin Ngaundare da Mbe ma giya ta biyu ko ta uku ce ke hana birki ɗaukar zafi. In batir ya yi sanyi a daji, mutum huɗu sun isa su tura ta tashi. Kuloci kuma kowane bakanike daga Tuboro zuwa Kusiri zai sauke ya ɗaura. Amma a zallar yashi, tsohuwar otomatik mai aiki da mai ta fi sauƙi ga wanda bai ƙware ba, don ba ta yanke ƙarfi lokacin canza giya, kuskuren da na yi a mayo ba zai faru da ita ba. Laifinta zafi: a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka yi rabin awa kana fama da yashi, man giyar na dahuwa. Nau'in otomatik mai suna CVT da ke cikin sababbin Subaru da wasu RAV4 da Nissan X-Trail shi ya fi saurin gajiya, in ya yi zafi sai kwamfuta ta rage ƙarfi, in ya lalace kuwa samun mai gyaransa a nan aiki ne. Mai giyar hannu ya riƙe doka ɗaya a ruwa da taɓo: ya zaɓi giyarsa tun a bakin gaɓa, kada ya taɓa kuloci sai ya fita, don taka shi a tsakiya na buɗe wa laka hanya.

Yanzu ga abin da dillali ba zai faɗa maka ba, wato zaman motar bayan wata shida. Subaru da ire-irenta suna son tayoyi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Mu kuwa ɗabi'armu in taya ta fashe a je a ɗauko okaziyo guda, ko wace iri ce in dai ta shiga rim. Ƙaramin bambancin kewaye ya isa ya sa gwangwanin silikon ɗin nan ya riƙa aiki dare da rana yana ɗaukar zafi har ya ƙone, sai ka ji motar na tirjewa in ka juya sitiyari ƙarshe. Haka in ta lalace aka ɗaga gaba aka ja ta ƙafafun baya na ƙasa. Hilux a 2H ba ta damu ba, ko tayoyinta 'yan uba ne za ta kai ka.

Tayoyin da motar ke zuwa da su ma abin dubawa ne. A Kebek doka ce a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma da yawansu a kasuwanninmu suke ƙarewa. Ka duba gefen tayar, in ka ga zanen dutse mai kai uku da tauraron dusa a ciki, ta hunturu ce. Zanenta na da kyau a ido, amma robarta an haɗa ta ne don ta yi laushi ƙasa da digiri 7. A kan kwaltar Garwa zuwa Marwa da azahar tana narkewa ne kamar man shanu, birki ya yi tsawo, motar ta riƙa yawo. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar ƙira, su ma a karanta.

Gishirin da ake watsa wa hanyoyinsu yana cin ƙarfe daga ƙasa, fenti na sama na sheƙi. In ka ga igiyar lantarki da filogi tana leƙowa ta hancin mota, ta ɗumama inji ce da dare, wato motar ta sha hunturu mai tsanani. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba, ka caccaki inda ƙafafun baya suka kama jiki da bututun birki. Sannan mai. WRX mai turbo fetur mai kyau take so, mu kuwa wa zai rantse bai taɓa tsayawa wurin mai zuwa-zuwa, wato mai sayar da fetur ɗin sumoga a bakin hanya, ba? Motocin gazuwal na Turai daga wajen 2010 suna da matatar hayaƙi a salansa wadda gazuwal mai yawan sulfa da zirga-zirgar cikin gari ke toshewa. Injin 1HZ na Land Cruiser, lita 4.2, da 5L na Hilux, lita 3, ba su da gudu, suna da hayaƙi, amma tsarinsu mai sauƙi ne kuma kayansu na nan a Garwa, a Marwa, a Njamena, in an rasa a tsallaka Yola ko Mubi. Injin Subaru a kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, canza fulogi kansa sai bakanike ya yi tsaki, samfurin lita 2.5 na da kuma ya yi suna da cin gasket. Ranar da ya ci, motar za ta yi wata biyu ƙarƙashin dalbejiyar gareji tana jiran saƙo daga Duwala.

Saura wasan da ya jawo maganar. Mai tuƙi a bidiyon yana shigowa ne a giya ta biyu, gudunsa bai wuce kilomita 30 zuwa 40 ba. Kafin kwana sai ya ɗan karkata sitiyari ɓangaren da ba nan zai bi ba, ya ɗage ƙafa daga totur, nauyi ya zubo gaba, sannan ya fizgo sitiyarin cikin kwanar, bayan motar ya kwashe ya yi waje. Direbobin tseren Finland da Suwidin ne suka yi suna da wannan dabara. Daga nan aikin totur ne. A mota mai turawa da baya kaɗai, sitiyari ake juyawa sosai zuwa inda gindin ya tafi, ana lallaɓa mai. A mai ja da huɗu kusan miƙe sitiyarin ake yi a taka, ƙafafun gaba su janyo motar inda suke kallo. Wanda ya firgita ya saki totur gaba ɗaya, tayoyi su kama ƙasa farat ɗaya, motar ta wulwulo ta ɗaya gefen. Giyar hannu na taimakawa don tana nan inda ka sa ta, kuma in zamiyar ta fara mutuwa ana taɓa kuloci a sake shi da sauri a tayar da ita. Birkin hannu, wanda samari suka fi so, shi ne ajalin irin wannan mota: ka tsayar da baya gaba na juyawa, difaransiyal ɗin tsakiya ne ke shan dukan. WRX STI na da tsarin da ke sakin tsakiyar in an ja birkin hannu, Subaru ta gama-gari ba ta da shi.

Abin da ya sa wasan ke da arha a can shi ne santsin da kansa. Taya ba ta cinyewa, ƙarfe ba ya wahala, in ka kuskure tulin dusa ne zai tare ka. A busasshiyar kwalta, don ka yi zamiya iri ɗaya sai ka ninka gudun sau biyu, ƙarfin karon kuma ya ninka sau huɗu. A burji akwai abin da ya fi haka muni, wato sawu da rami. Motar da ke tafiya a kaikaice, da tayar waje ta faɗa sawu sai ta tsaya, jikin ya ci gaba, doguwar mota irin Hilux ko Prado ta kife. Masu yi a rakiyar amarya, a tsakiyar 'yan babur da yara, ba ni da abin da zan ce musu da ya wuce Allah ya shirya. Amma sanin abin da za ka yi in bayan mota ya kwashe ilimi ne da kowane direban damina ke buƙata: ido a inda kake son zuwa, sitiyari ya bi gindin, ƙafa ta sassauta a hankali, kada a daki birki. Mai son koya ya nemi fili shimfiɗaɗɗe nesa da gari bayan yayyafi, ya taka shi da ƙafa tukuna ya tabbata ba rami ba kututture, ya yi da gajeriyar mota mai turawa da baya irin tsohuwar Peugeot 504 ko Mercedes 190, a giya ta biyu, bel a ɗaure, ba fasinja.

Wanda rayuwarsa cikin Garwa ce ko Marwa, tafiyarsa kwalta, ƙauye sai da rani ko ranar salla, RAV4 ta biyu, wato samfurin 2000, mai fetur da giyar hannu ta ishe shi, ta fi Hilux daɗin zama, kuma kayanta na Toyota ne. Kai, da yawa daga masu wannan rayuwar Corolla mai tayoyi masu kyau ma ta wadatar da su, kuɗin duwan, wato kwastan, da na mai su rage. Forester ta fi RAV4 daɗin tuƙi a burji, wannan ba gardama, amma sai ga wanda ke da mai aiko masa kaya daga waje kuma zai iya sayen taya huɗu rana ɗaya ba tare da ya yi ciwon kai ba. Wanda ke da gona bayan mayo, ko yana bin kasuwannin ƙauye da damina, ko yana ɗaukar kaya zuwa cikin Chadi, kada ya saurari kowa: sanda biyu, shasi, giyar hannu. Ni gonata na wajen Lagdo, kuma watan Agusta ne take buƙatata.

Da na gama yi wa ɗan yayata wannan dogon bayani, ya yi shiru kwana biyu, sannan ya turo hoton ƙarƙashin motar tasa da ya ɗauka a gareji. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya ya yi ja yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce, "Kawu, wannan kam a nan za ta ƙarasa kwanakinta. Ku nemo wadda kuke so, in turo kuɗin." A makon jiya na je duba wata Hilux, ta uku ke nan da na duba. Fenti lafiya, inji lafiya, sandar karabo na shiga 4L ba gardama. Na shimfiɗa kwali na kwanta na leƙa, sai na ga furofelar gaba babu ita. Mai motar ya ce ai ya cire ta ne don rage shan mai, tana gida a ajiye. Na ce ya ɗauko a ɗaura, ranar Lahadi in an tashi daga kasuwar Pitowa mu sauka da ita yashin Binuwai.